Shiri da Rabo a Neman Gurbin Jami'a

Shiga jami'a a Nijeriya yana bin matakai sanannu. Ɗalibi zai kammala babbar sakandare da kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko makamanciyarsu, ya zauna jarrabawar da hukumar JAMB ke shiryawa, sannan jami'ar da ya zaɓa ta sake tantance shi kafin sunansa ya fito. Masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. A 2025 sama da mutum miliyan 1.9 ne suka zauna jarrabawar JAMB, kuma a sakamakon farko da aka fitar fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Saboda haka duk shekara gidaje masu yawa suna cin karo da wata tambaya da ta girmi jami'a da hukumar jarrabawa baki ɗaya: a cikin abin da ya sami mutum, wanne ne aikin hannunsa, wanne ne rubutaccen al'amari? A ƙasar Hausa amsar takan zo a gajarce. Kafin jarrabawa a ce "in da rabo zai samu", bayan sakamako ya fito a ce "ba rabo". Maganganun biyu duk gaskiya ne a aƙidar Musulmi, sai dai sau da yawa ana faɗarsu ne a inda ba muhallinsu ba.

Mas'alar ƙaddara tsohuwa ce a ilimin tauhidi. Tun ƙarnonin farko na Musulunci aka sami Jabariyya, masu cewa tilasta mutum ake yi a kan duk abin da ya aikata, ba shi da zaɓi ko kaɗan. A ɗaya ɓangaren kuma aka sami Ƙadariyya, waɗanda suka ce bawa shi ke samar da aikinsa da kansa, ƙaddara ba ta shiga ciki. Ahlus-Sunna suka tsaya a tsakani: babu abin da ke faruwa sai da sanin Allah da nufinsa, amma an ba bawa zaɓi da iko gwargwadon abin da za a yi masa hisabi a kai. Abin da wannan matsayi ya haifar shi ne cewa ƙaddara ta ƙunshi sababi kamar yadda ta ƙunshi sakamako. Wanda aka rubuta wa cin jarrabawa, an rubuta masa ne tare da karatun da zai kai shi ga cin. Hujjar da aka fi kafawa a nan ita ce hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya haɗa biyun. Akwai kuma labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, aka yi masa ƙorafin gudun ƙaddara, ya nuna cewa komawar ma a cikin ƙaddarar take. Imamu Gazali, wanda ya ware wa tawakkali babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya bayyana shi a matsayin halin zuciya, ya kuma soki masu zaton cewa barin nema ne.

Daga nan ƙa'idoji biyu suka fito waɗanda suka shafi ɗalibi kai tsaye. Ta farko, ba a sanin abin da aka rubuta sai bayan ya faru, don haka ƙaddara ba ta gaya wa kowa abin da zai yi gobe; umarni da hani da hankali su ke gaya masa. Ta biyu, malamai suna cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kan laifi ba. Wanda gobara ta cinye wa takardu ya ce haka Allah ya so, ya yi daidai. Wanda ya yi barci ya rasa jarrabawa ya faɗi wannan kalma don ya wanke kansa, ya ɗauki gaskiya ya rufe sakaci da ita. Aikin gida, ke nan, shi ne rarrabe musiba da sakaci a cikin tsarin neman gurbi, kuma idan aka bi tsarin daki-daki za a tarar ɓangaren da ke hannun mutane ya fi yadda ake zato faɗi.

Shirin yana farawa ne shekara uku kafin a ji sunan JAMB a gida, ranar da yaro ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare aka raba su kimiyya da adabi da kasuwanci. A makarantu da yawa rabon nan ba ya bin wata shawara mai zurfi: yaro ya bi abokinsa, ko a tura masu ƙoƙari ajin kimiyya a bar saura a adabi, kamar adabi wurin ajiyar waɗanda suka gaza ne. Amma wannan zaɓi shi ke buɗe ƙofofi yana rufe wasu. Mai son karatun likita yana buƙatar Fizik da Kyamistare da Bayoloji. Mai son injiniya, Lissafi da Fizik da Kyamistare. Mai son lauya kuwa sai da Adabin Turanci. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole, sauran uku kuma sai sun dace da kwas ɗin da aka nema. Wanda ya haɗa su ba daidai ba, ko maki 300 ya ci ba za a ɗauke shi a wannan kwas ba. Hukumar tana wallafa littafin da ya jera sharuɗɗan kowane kwas a kowace jami'a, da manhajar kowane darasi, kuma ana samunsu a intanet. Rashin duba su ba musiba ba ce.

Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 ba sa shiga lissafi. Ana son biyar, ciki har da Turanci, da Lissafi a mafi yawan kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu, wasu kwasa-kwasan masu gasa kuma a zama ɗaya tak. Turanci shi ne tsaunin da ya fi tare 'ya'yan Hausawa, musamman na makarantun gwamnati inda akan rubuta darasi da Turanci a allo a yi bayaninsa da Hausa har a gama sakandare. Ba a gyara wannan da lesin na wata biyu. Karatun littattafai ne na shekaru, kuma gidan da ya gane haka tun yaro yana ƙaramar sakandare ya rage wa kansa wahalar da kuɗi ba sa saye daga baya.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke hana gurbi ba tare da sun taɓa ilimi ba. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma daga can ake kwaso suna da ranar haihuwa. Ga shi kuwa suna ɗaya yakan fito da fuska uku: Muhammad a takardar firamare, Mohammed a ta WAEC, Muhammadu a katin ɗan ƙasa, a wata takardar sunan gari ne a ƙarshe, a wata sunan kaka. Ranar haihuwa kuma wani ma'aikaci ne ya ga dama ya rubuta 1 ga Janairu. Duk wannan yana kwance lafiya sai ranar tantancewa, lokacin da gyara ke cin kuɗi da makonni. Haka layin wayar da aka yi rajista da shi, wanda in ya ɓace sai an sha wuya. Haka ɗalibin da ya miƙa wa mai shagon intanet komai ya koma gefe yana danna waya, bai duba wace jami'a ko wane kwas aka cike masa ba, alhali hukumar ta keɓe cibiyoyin da ta amince a yi rajista a cikinsu. Tun 2015 jarrabawar gaba ɗayanta da kwamfuta ake yi, tambaya 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron ƙauye da zai fara zama gaban kwamfuta a ranar jarrabawa zai ɓatar da mintunansa na farko yana neman inda zai danna, zuciyarsa na bugawa, na kusa da shi kuma ya yi nisa. Zama biyu ko uku na gwaji kafin ranar suna maganin wannan. Bayan jarrabawa ma ba a gama ba: tun 2017 ana bayar da gurbi ne ta manhajar CAPS, kuma sai ɗalibi ya ɗora sakamakonsa na sakandare a kai, sannan in an ba shi gurbi ya shiga ya karɓa da kansa cikin wa'adi. Akwai waɗanda suka zauna a gida shekara guda suna cewa ba rabo, alhali gurbin yana can yana jiran a danna masa maɓalli.

Duk da haka akwai ɓangaren da ba ya hannun kowa a gida, kuma a nan ne tawakkali ke da aiki na gaske. Mafi ƙarancin makin da aka tsayar wa jami'o'i a 2025 shi ne 150, amma wannan ƙofar waje ce kawai. Kowace jami'a da kowane sashe suna da nasu ma'aunin, wanda ke hawa da sauka gwargwadon yawan masu nema a shekarar. Karatun likita yana da adadin da hukumar kula da aikin likitoci ta ƙayyade wa kowace jami'a, don haka ɗalibi zai iya cika kowane sharaɗi ya rasa, saboda kawai waɗanda suka fi shi da maki biyu sun cike kujerun. A 2025 ɗin nan kuma tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har shugaban hukumar JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya ba da haƙuri, aka sake musu jarrabawa. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, ya hargitsa jadawalin ɗaukar ɗalibai. Babu karatun dare da zai hana ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda irin wannan ta faɗa wa shi ne ya cancanci a ce masa ya yi haƙuri da ƙaddara, kuma zalunci ne a yi masa faɗan lalaci.

Tsarin raba gurabe a jami'o'in tarayya ya ƙara wa mas'alar wata fuska. Kashi 45 cikin ɗari ana bayarwa bisa cancanta zalla, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 ga jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, waɗanda mafi yawan jihohin Arewa ke ciki tare da wasu na Kudu irin su Ebonyi da Bayelsa. Masu sukar tsarin suna cewa ba adalci ba ne mai maki ƙasa ya shiga a bar mai maki sama. Masu kare shi suna amsawa da cewa makin kansa ba aikin ɗalibi ne shi kaɗai ba: ba wanda ya zaɓi garin da za a haife shi, ko makarantar da ke da malamin Fizik, ko uban da ke iya biyan kuɗin lesin. Hujjar nan tana da ƙarfi, kuma ta dace da fahimtar addini cewa baiwa jarrabawa ce kafin ta zama abin alfahari. Sai dai tana da iyaka. Kaso yana buɗe ƙofar shiga, ba ya zama a aji ya rubuta wa kowa jarrabawar zango, kuma jihar da ta shekara arba'in tana cin moriyarsa ba ta gyara makarantunta ba ta mayar da magani abinci. Abin da ya shafi gida a aikace shi ne sanin cewa zaɓen jami'a yana da lissafi: ɗan Kano ko Jigawa da ya nemi Jami'ar Bayero yana da hanyoyin shiga da ba zai samu a jami'ar wani yanki mai nisa ba.

Addu'a tana cikin sababi, ba kishiyarsa ba ce. Iyaye suna yin sadaka, ana sa malamai roƙo, uwa tana tashi cikin dare, kuma babu saɓani a kan falalar addu'ar iyaye ga 'ya'yansu. Inda magana take shi ne gidan da ake haɗa wannan da sayen amsa. Satar jarrabawa ta daɗe da tashi daga ɗalibi mai ɓoye takarda a safa, ta zama ciniki mai tsari: makarantun da aka san in an yi rajista a can sai an ci, kuɗin da ake tarawa don a sallami mai sa ido, amsar da ake rubutawa a allo, da sojan gona da ake ɗauka ya zauna wa wani. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, amma abin da ya fi ba da tsoro shi ne sau da yawa uba ne ke biya da hannunsa, yana ganin taimako ya yi. Hukuncin addini a nan ba ɓoyayye ba ne. Muslim ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya kuma barrantar da kansa daga mai algus. Takardar sakamako shaida ce a kan abin da ke cikin kai, wadda aka saya kuwa shaidar zur ce. Uzurin da aka saba kawowa, cewa kowa yana yi kuma mai gaskiya shi ke faɗuwa, yana bayyana matsin da ake ciki amma ba ya halatta komai. Cewa da rabonsa ya samu ma ba ta wanke shi, domin ɓarawo ma rabonsa yake ci, kuma ana yanke masa hukunci. Cutarwar tana da masu ɗaukarta: ɗalibin da aka ture daga kujerar da ya cancanta, da majinyacin da zai faɗa hannun wanda ya saba tsallake abin da bai iya ba. Ko ta fuskar riba zalla cinikin yakan faɗi, don A1 ta saye takan tonu a gaban kwamfutar JAMB ko a shekarar farko ta jami'a.

Kamun ƙafa ya fi wannan wuyar hukunci, saboda yana kama da zumunci. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, kuma ɗan uwa da ke aiki a jami'a in ya ƙi taimakawa sai a ce ba ya son dangi. Alƙur'ani, a cikin Suratun Nisa'i, ya bambanta ceto mai kyau da mummuna, ya ce mai yin kowanne yana da kaso a cikinsa. Ma'aunin shi ne haƙƙin wani. Nuna wa yaro kwas ɗin da makinsa zai kai, ko bin kadin fayil ɗin da ya cancanta aka manta da shi, ceto ne mai kyau. Cire sunan wanda ba shi da kowa a sa na ɗan gida kuwa ƙwace ne, ko da ba a ba da sisi ba.

Sai zaɓen kwas, inda biyayya ga iyaye ke haɗuwa da halittar ɗa. Gidaje da yawa ba su san karatu ba sai uku, likita da lauya da injiniya, kuma akwai yaran da suka maimaita JAMB shekara uku suna bin burin da ba nasu ba. Biyayya wajibi ce, iyaye kuma sukan hango abin da yaro ɗan shekara 16 ko 17 bai hango ba, musamman batun aikin yi. Amma wilayar uba an ba shi ita ne don maslahar ɗan, ba don a kira shi baban likita ba, kuma ɗora wa rai abin da ba ya iyawa ba ya cikin maslaha. Gazali ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan da in wasu suka yi an ɗauke wa saura, har da sana'o'i irin su noma da saƙa. A wannan ma'auni al'ummar da ba ta da malaman Lissafi da ungozomomi da masana noma tana da gibin farilla, komai yawan lauyoyinta. Hanyar da addini ya shimfiɗa ita ce shawara da waɗanda suka san fagen, duba sakamakon yaro na shekaru uku da idon gaskiya, sannan istihara. Ga 'ya mace akwai ƙarin tambayoyi na nisa da masauki da lokacin aure, kuma warware su tun da wuri, ta zaɓen jami'a ta kusa ko sanya ci gaba da karatu cikin maganar aure, ya fi a bari sai gurbi ya fito a ce ba za ta je ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Kuɗi ma shiri ne. A 2023 jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista sosai, ga na karɓar gurbi da masauki da abinci da mota, kuma wa'adin biya gajere ne. Tanadi ba ya karo da dogaro ga Allah. Annabi Yusuf tanadin shekara bakwai ya tsara wa Masar. Asusun bashin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, ba shi da ruwa, abin da ya kawar da damuwar riba, kuma biya yana farawa ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Sai dai wanda ya riga ya sami gurbi a makarantar gwamnati ne ke nema, don haka kuɗin jarrabawa da na zirga-zirgar farko suna nan a wuyan gida.

Idan sakamako ya fito bai yi daɗi ba, ƙa'idar musiba da laifi ita ce abin aiki. Ana duba inda aka faɗi: darasi ne bai zaunu ba, ko haɗin darussa, ko takarda, ko kuwa gasa ce ta yi tsanani. Abin da ya kasance sakaci a gyara shi ba tare da gori ba, abin da ya fi ƙarfin mutum a bar shi. Hanyoyi kuma ba ɗaya ba ne. Hukumar JAMB tana ba da damar canza jami'a ko kwas bayan an ga maki. Shirin IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, yana kai wanda ya ci shi aji biyu na jami'a kai tsaye, haka mai difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha ko mai takardar NCE zai iya neman shiga aji biyu. Akwai makarantun share fage, irin ta Funtuwa da ke ƙarƙashin jami'ar ta Zariya. Wanda Turanci ko Lissafi ya riƙe yana iya gyara kiredit a jarrabawar da WAEC da NECO ke shirya wa masu zaman kansu. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne kawai, don haka mai niyyar sakewa zai jira rajistar da akan buɗe a farkon shekara, jarrabawar kuma ta biyo baya cikin 'yan watanni.